Cizon kare: taimakon gaggawa ga yaro da abin da doka ta ɗora wa mai karen

A unguwannin Hausawa na Garwa, Yawunde ko Njamena, ba kowane gida ke kiwon kare ba. Amma maƙwabta suna da su, yaron zango kuwa ba ya zama wuri ɗaya: ana aikensa, yana talla, yana shiga gida-gida. Yaron da bai tashi da kare a gidansu ba, abu biyu ya sani idan ya gamu da shi, ko ya ruga a guje ko ya sunkuya ya ɗauki dutse. Dukansu biyun suna jawo cizo.

Babban abin tsoro a cizon shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, don haka kare ya fi samunsa a fuska, wuya ko hannu. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi ne zuwa ƙwaƙwalwa, cizon da ke kusa da kai kuwa yana gajarce mata hanya. Ga kuma ɓoyo: yara da yawa ba sa faɗar ƙaramin cizo ko yaƙushi saboda tsoron duka.

Alamun cutar sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin ne ke yaudarar iyaye. Rauni ya warke, an manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, ya rikice, ya kasa haɗiye ruwa. Da zarar an kai nan, kusan babu wanda ke tashi.

Kafin a kai nan kuwa, akwai mafita. Abu na farko, tun kafin neman abin hawa, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu na tsawon minti 15. Minti 15 yana da tsawo ga yaron da ke kuka, amma wankin yana rage ƙwayar cutar sosai. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaura gashin karen a kan raunin kamar yadda wasu ke yi. Daga nan sai asibiti a ranar, domin fara allurar rigakafi, wadda ake yi sau da dama cikin kwanakin da likita zai tsara. Idan cizon ya huda fata, likita kan ƙara wata allura da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Ba kowace cibiyar lafiya ke ajiye waɗannan allurai ba, don haka a nemi a faɗi inda suke. A Kamaru, cibiyar Pasteur da ke Yawunde, mai reshe a Garwa, ta daɗe tana aiki kan wannan cuta.

Shi kuma karen, kashe shi nan take ba dabara ba ce, ko da yake shi ne abin da fushi ke sa jama'a yi. Idan an san mai shi, a ɗaure shi, likitan dabbobi ya sa masa ido na aƙalla kwana 10. Karen da ke yaɗa cutar a lokacin cizon ba ya wuce waɗannan kwanaki lafiya lau. Sai dai ba a jiran sakamakon kafin a fara yi wa yaro allura.

Wa zai biya? Dokar farar hula da Nijar, Cadi da ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci suka gada daga Faransa ta amsa wannan a sashe na 1385. Sashen ya ɗora alhakin ɓarnar da dabba ta yi a kan mai ita, ko wanda ke amfani da ita a lokacin, ko tana hannunsa ko ta ɓace ko ta tsinke ta gudu. A Faransa an sauya wa sashen lamba zuwa 1243 a shekarar 2016, amma hukuncin bai canja ba.

Ma'anarsa ita ce ba sai iyayen yaro sun tabbatar da sakacin mai kare ba. Ya isa su nuna cewa karensa ne ya yi cizon. Cewa "bai taɓa cizon kowa ba" ko "sarƙar ce ta tsinke" ba ya wanke shi. Abin da zai iya rage masa nauyi ko ya sauke shi shi ne ya nuna cewa laifin wanda aka ciza ne, kamar wanda ya haura katanga da dare, ko kuma wani ne daban ya jawo abin. Alƙali ne ke auna wannan. Diyyar da ake nema takan haɗa da kuɗin allura da magani, kuɗin mota zuwa asibiti, da tabo ko naƙasar da cizon ya bari. Ana kuma iya shigar da ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi kan raunatawa ba da gangan ba.

A zahiri, yawancin irin wannan rigima ba ta kai kotu. Tana ƙarewa ne a zauren mai unguwa ko sarkin Hausawa, kuma ba laifi ba ne. Inda ake yin asara shi ne idan kunyar maƙwabtaka, ko tunanin "mu baƙi ne, kada mu ja magana", ya sa aka karɓi ban haƙuri da ƴan jikkunan sefa aka bar allura. Sulhu yana jira, allura ba ta jira. Ko da zaman sulhu za a yi, ya kamata a je da takardar likita mai bayyana raunin, da rasit na kowane magani, da hoton wurin cizon, da sunayen waɗanda suka gani. A kuma nemi mai karen ya nuna katin rigakafin dabbarsa.

Abin da za a koya wa yara kaɗan ne, amma sai an yi ta maimaitawa. Kada su kusanci karen da ke cin abinci, ko mai barci, ko karya mai shayarwa. Idan kare ya nufo su, su tsaya cak, hannu a jiki, kada su zuba masa ido. Idan ya kayar da su, su dunƙule su rufe fuska da wuya. Sannan su san cewa babu wanda zai doke su idan sun faɗi an cije su.

Rigakafin da ya fi kowane arha kuwa a jikin karen ake yin sa. A shekarun 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnuka allura a Njamena, aka samu kusan kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin, kuma yaɗuwar cutar ta tsaya na tsawon watanni. Daga baya ta sake ɓullowa, abin da masu bincike suka danganta da karnukan da aka shigo da su daga wajen birnin.