Rini Mai Ƙyalli da Gano Oksijin Mai Ɓarna a Cikin Jini

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amfani da haske wajen gano oksijin mai ɓarna a cikin ƙwayoyin halitta tun suna raye, da kuma dangantakar wannan ilimi da ciwon shawara da ke kama jarirai a Tumfure da sauran unguwannin Gombe. Da yake Hausa ba ta tsayar da kalmomin wannan fanni ba tukuna, an zaɓi a kira sinadarin binciken "rini mai ƙyalli", domin aikinsa ya yi kama da na marini.

2.0 Yadda Rinin Yake Aiki

Yayin da jiki yake sarrafa oksijin, wani kaso kan rikiɗe ya zama sinadarai masu cin bangon ƙwayar halitta, kamar haidirojin farokisaid. Ido ba ya ganinsu, kuma ba sa daɗewa. Don haka sai a sanya wa ƙwayar rinin DCFH-DA, wanda ba ya ƙyalli da farko. Idan ya shiga ciki, inzayim sukan yanke masa wani ɓangare, ya kasa fita. Da zarar sinadaran ɓarna sun taɓa shi sai ya riƙa ƙyalli kore a ƙarƙashin shuɗin haske. Yawan ƙyalli, yawan ɓarna. Sai dai rinin ba ya faɗin wane sinadari ne ya kunna shi, saboda haka bai kamata a ɗora masa hukuncin da ya fi ƙarfinsa ba.

3.0 Shawara da Kafur

Jajayen ƙwayoyin jini suna kare kansu ne da sinadarin NADPH, wanda inzayim G6PD yake samarwa. Akwai waɗanda ake haifa da ƙarancin wannan inzayim, galibinsu maza, domin ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa, kuma abin ya yawaita a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro. Idan aka adana kayan irin wannan jariri da kafur, ko aka ƙunsa masa lalle, ƙwayoyin jininsa kan farfashe, idonsa ya yi rawaya. In abin ya tsananta, ƙwaƙwalwa kan taɓu har abada.

A 1966 Ernest Beutler ya fito da gwajin da ya juya ma'anar ƙyallin. Shi NADPH da kansa yakan yi ƙyalli a ƙarƙashin hasken ultrabayolet. Akan haɗa ɗigon jini da sinadaran gwaji, a ɗiga a takarda, a haska. Ɗigon mai lafiya zai ƙyalla, na mai ƙarancin inzayim kuwa zai zauna dishi-dishi. A nan duhu ne abin tsoro.

Uwar da ke Tumfure ba ta buƙatar rini kafin ta raba kafur da kayan goyo. Amma in idon jariri ya sauya a makon farko, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya kamata a nufa a ranar, maimakon a tsaya shanya shi a hantsi.