Wa Zai Faɗa Mana In Sabis Ya Ɗauke?

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kwaddibuwa, harkar bankuna da dama a Najeriya ta tsaya cak. Kafin bayani ya iso, jita-jita ta zaga gari: wannan ya ce kutse ne, wancan ya ce gwamnati ce ta toshe. Ba a ga laifinsu ba, tunda a 2021 an dakatar da Twitter, an kuma katse layukan waya a Zamfara.

Abin da ke kashe irin wannan surutu shi ne allon halin sabis. Shafi ne guda. Wata manhaja ke taɓa kowane sashe na aikin hukuma ko kamfani lokaci-lokaci daga garuruwa daban-daban. In amsa ta zo da wuri, alama ta yi kore. In ta yi nawa, ruwan ɗorawa. In shiru, ja. Sai ma'aikaci ya rubuta lokacin da matsalar ta fara da inda gyara ya kai.

Kuskuren da ke ba ni haushi shi ne zaton cewa kusurwar shafin hukuma ta isa a liƙa allon. Wannan ajiye makullin ko-ta-kwana ne a cikin ɗakin da aka kulle: ranar da ake nemansa ita ce ranar da ba ya ɗaukuwa. Ko Amazon ta faɗa ramin nan. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 rumbun ajiyarta na S3 ya tsaya, allon kuwa da rumbun ya dogara, sai ya ci gaba da nuna kore alhali shafuka suna ta faɗuwa. Ta Twitter kamfanin ya riƙa sanarwa. Dole allo ya zauna a kwamfutocin wani kamfani, da adireshinsa daban.

Wasu za su ce ai ga Downdetector. Shi koken jama'a yake ƙirgawa, bai san dalili ba, balle lokacin gyara.

Kuɗin gina allon ba wani abu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne shugaban da ke ganin jar alama a matsayin tonon silili, gara masa a ce wa jama'a "babu netwok". Ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don yin rajista, ya wuni a shagon intanet, shi ke biyan kuɗin wannan shirun.