Yadda Bindiga Ke Tsufa: Nazari daga Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

A ƙasashen da doka ta yarje wa farar hula ya ɗaura ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga, kamar Amurka, inda jihar Illinois ta zama ta ƙarshe da ta halatta hakan a 2013, ana yawan tattauna shekara nawa irin wannan makami zai yi yana aiki, da kuma irin kulawar da yake buƙata. A Nijeriya zancen ya sha bamban tun daga tushe. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya fistol da libarba a rukunin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da su ba lasisi ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka a Gwandu da Kalgo, ƙaramar bindigar da ke hannun halal tana ƙugun jami'in tsaro ne. Wadda talaka ya sani, ya gada, ya rataye a bangon ɗaki, ita ce adaka, wato bindigar toka ta mafarauta da 'yan bindigar sarki. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke cin kowace daga cikinsu, domin duk da nisan zamanin da ke tsakaninsu, cutarsu kusan iri ɗaya ce.

Asalin adaka a ƙasar Gwandu

Ba da bindiga aka kafa Gwandu ba. A yaƙin Alwasa na 1805, da harin da aka kawo wa garin Gwandu bayansa, kwari da baka da mashi da takobi ne suka yi aiki. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa bindiga ba ta yawaita a daular ba sai a kashi na ƙarshe na ƙarni na 19. Mafi yawanta ta kudu ta shigo, ta hanyar Nufe da Ilori, waɗanda a wancan lokacin dukkansu masarautu ne da ke ƙarƙashin Gwandu. Sunan da Turawa ke kiran ta da shi ya samo asali ne daga fataken Danmak da suka yi cinikinta a gaɓar tekun ƙasar Gana ta yau.

Akwai dalilin da ya sa wannan tsohuwar fasaha ta daɗe a nan bayan ta mutu a Turai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ƙasar Hausa ke ciki, ta bar musu masu ƙanƙara kawai da albarushin kasuwa. Sakamakon haka ya bayyana a Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin da dakarun daula suka fuskanci bindiga mai ruwa. Daga baya maƙeran baƙi suka ƙware wajen gyara ta da ƙera ta, har ta zama kayan gida kamar fartanya.

Abin da ke cin ƙarfe

Babban abokin gabar adaka yana cikin cikinta. Idan albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya tafiya a hayaƙi, yana zama baƙin dauɗa ne a jikin bututu. Wannan dauɗa tana ɗauke da gishirai masu zuƙo danshi daga iska. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ta bushe ƙarau, ɓarnar ba ta sauri. Amma daga Yuni zuwa Satumba, musamman a garuruwan da ke bakin fadamar Gulbin Kabi irin su Kalgo, bututun da aka harba aka ajiye ba wanki kan fara tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu.

A nan ne da yawa ke kuskure. Suna ɗauka cewa ruwa shi ne maƙiyin ƙarfe, don haka sai su shafa mai a kan dauɗar su rataye. Alhali mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Ruwa ne ke narkar da shi. Tsofaffin maharba da ke wanke bututu da ruwan zafi, su bar shi ya bushe sarai, sannan su shafa mai kaɗan, sun dace da abin da ilimin sinadarai ya tabbatar, ko da ba su san sunan gishirin ba. Ruwan zafi ya fi na sanyi saboda yana ɗumama ƙarfen, sauran danshin ya tashi da kansa. Shi ma man ba kowane ba: man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo idan ya daɗe, man shanu kuwa yana ɗauke da ruwa, yana kuma lalacewa.

Tsatsar waje abin kunya ce kawai ga mai bindiga. Ta ciki ita ce mai kisa, domin tana haƙa ƙananan ramuka a gindin bututu, daidai wurin da ƙarfin fashewa ya fi yawa, kuma wurin da ido ba ya kaiwa. Bututun adaka toshe yake ta baya, ba a iya ɗaga shi a hango haske ta ciki kamar na bindigar zamani. Ƙari a kan haka, yawancin waɗanda ake ƙerawa a gida ba a gwada ƙarfin bututunsu kafin a sayar, saɓanin Ingila, inda tun 1813 aka kafa gidan gwajin bututu a Birmingham. Wasu ma daga bututun famfo ake yin su, wanda yake da ɗinkin walda daga sama har ƙasa kuma ba a yi shi don ɗaukar fashewa ba. Irin wannan bututu zai iya jure harbi ɗari, ya tsage a na ɗari da ɗaya, kuma hannun hagu da fuskar mai harbi su ne mafi kusa da shi.

Al'adar ajiye adaka a ɗure tana ƙara haɗarin. Albarushin da ya kwana watanni a ciki yana jan danshi, yana cin gindin bututu, sannan yana iya jinkirin kamawa: a ja kunama shiru, mutum ya sauke bindiga yana dubawa, sai ta tashi. Wani kuma ya manta da ɗurin farko ya ƙara na biyu a kai. Bindigar gado da aka sauko da ita daga rataya bayan rasuwar mai ita, wajibi ne a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya har sai masani ya tabbatar da akasin haka.

Ita ma ƙota tana da nata ciwon. Itace yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, shekara bayan shekara, har ƙusoshi su yi sako-sako, tsaga ta fito a wuyan ƙota. Gara kuwa ba ta san gado ba.

Ƙaramar bindigar zamani

Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, ya rage dauɗa ƙwarai. A 1982 kamfanin Glock na Ostiriya ya fito da fistol mai gangar jikin roba mai tauri, ya biyo da ƙaramarta, Glock 19, a 1988, da wadda ta fi ta ƙanƙanta, Glock 26, a 1995. Wannan ya sa wasu ke zaton bindigar zamani ba ta tsufa. Robar ce ba ta tsatsa. Bututu da murfin sama mai zarya da allurar harbi da sifirin duk ƙarfe ne.

Ƙanƙanta ma tana da farashinta. Harsashi iri ɗaya ne ke tashi a babba da ƙarama, amma murfin ƙarama ya fi sauƙi, don haka yana komawa baya da sauri, gajeren sifirinsa kuma yana shan wahala fiye da dogo. Shi ya sa masu ƙera su ke ba da shawarar a sauya wannan sifirin bayan 'yan dubban harbi, tun bai gaza ba, domin idan ya yi laushi gangar jikin ce ke karɓar dukan. Abin da ke gajiyar da sifirin shi ne yawan matsewa da sakewa, ba zama a matse ba.

Sai dai jami'in da ke aiki a Kabi ba yawan harbi ne zai fara kashe masa bindiga ba, gumi ne. Gumi ruwan gishiri ne, kuma makamin da ke manne da ƙugu daga safe zuwa dare a bazara yana wanka a cikinsa. Kuben fata yana riƙe danshin ya mayar wa ƙarfe cikin dare. Da hunturu kuma matsalar ta juye: ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana da laushi kamar gari, idan ta haɗu da mai mai yawa sai ta zama laka mai goge ƙarfe, ta kuma hana sassa motsi. Don haka ƙa'idar ma'ajiyar makamai a ƙasa mai ƙura ita ce a yawaita gogewa, a taƙaita mai. Har harsashin kansa yana gajiya: wanda ake sakawa ana cirewa kullum a farko da ƙarshen aiki, kansa yana iya nutsewa cikin ƙwanso, abin da ke ɗaga ƙarfin fashewa fiye da yadda aka tsara.

Gyara da doka

Dokar 1959 ba ta tsaya kan mallaka ba, ta shafi gyara. Ƙera bindiga ko gyara ta aiki ne na ma'ajiyar makaman gwamnati da masana'antu irin DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, sai dai wanda hukumar 'yan sanda ta ba izini na musamman, kuma dokar ta buɗe wannan ƙofa ga masu aikin bindigar toka. A aikace, maƙerin ƙauye da ya san ciwon adaka yakan yi aikinsa a ɓoye saboda tsoro, wanda ke da izini kuwa yana da wuyar samu. A ganin wannan nazari, giɓin nan ya fi cutar da mai bin doka, domin shi ne ke ci gaba da amfani da bututun da ba wanda ya duba.

Lamarin ya ƙara nauyi a shekarun nan. Rashin tsaro ya sa an sauko da bindigogin da suka shekara ashirin a rataye. A Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a masarautar Zuru, a Nuwamban 2024 kuma Lakurawa suka kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie. Mutumin da ya fito da adakar kakansa a irin wannan yanayi yana fuskantar makamin da ke aman harsashi talatin kafin shi ya gama ɗuri ɗaya, sannan bai san abin da tsatsa ta bari a gindin bututunsa ba.

Inda adaka ta fi samun kulawa a yau shi ne fada. 'Yan bindigar da ke buga albarushi a hawan sallah a Birnin Kabi, inda fadar Sarkin Gwandu take, suna da shugabanni da tsari, kuma harbinsu ba harsashi, abin da ke rage nauyi a kan bututu, ko da yake dauɗar da ake bari a ciki ba ta ragu ba. Hukumomin al'adu da jami'o'i, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, suna da aikin da za su yi a nan: tattara sunayen sassan adaka a bakin maƙera da maharba, da rubuta hanyoyin wankinta da ajiyarta, da kuma karɓar tsofaffin da suka gama aiki a cire musu ɗuri a adana su a gidan tarihi.