Buɗe Ƙofar Haske Ba Ya Faɗaɗa Hoto

Yawancin masu koyon ɗaukar hoto suna zaton idan aka wangale ƙofar hasken da ke cikin gilashin kyamara, hoton zai kwaso fili mai faɗi, in kuma aka tsuke ta filin ya ragu. Ba haka abin yake ba. Faɗin abin da kyamara ke gani ya rataya ne a kan abu biyu: lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashin, da girman farantin da hoton ke sauka a kansa. A kyamara mai faranti milimita 36 da 24, gilashin milimita 24 yana kwaso kusan digiri 74 daga hagu zuwa dama, na milimita 50 kusan digiri 40, na milimita 200 kuwa digiri 10 kacal. In aka ɗaura gilashin a kyamara mai ƙaramin faranti, filin sai ya ƙara matsewa.

Aikin ƙofar haske daban ne. Lambobin nan f/2 da f/4 da f/16 suna nuna faɗinta ne gwargwadon lambar milimitar gilashin: a gilashin milimita 50, f/2 na nufin rami mai faɗin milimita 25, f/4 kuma rabin haka. Tun da an rage faɗin ramin da rabi, hasken da ke shiga ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ban da haske, ƙofar tana cikin abubuwan da ke tsara zurfin abin da zai fito tar. A f/2 fuskar mutum za ta fito garau, bangon bayansa ya yi dishi-dishi. A f/16 shi da bangon duk su fito.

Wani zai ce ai mai leƙe ta hudar ƙofa kaɗan yake gani, in hudar ta girma ya ga da yawa. Gaskiya ne, amma hudar tana can gaban ido, shi ya sa take tare gefe da gefe. Ita ƙofar haske tana cikin gilashin ne, daidai inda hasken kowane ɗigo na filin ke bi ya wuce, na tsakiya da na gefe. Tsuke ta yana rage rabon kowane ɗigo ne, ba ya korar ko ɗaya daga hoton. Hasali ma a gilasai da yawa kusurwoyin hoto sun fi yin duhu idan ƙofar tana wangale, sai an ɗan tsuke ta su washe.

Mai shakka ya kafa kyamara wuri guda, ya ɗauka a f/2.8 da f/16, ya duba gefunan hotunan biyu: iyakarsu ɗaya ce. Saboda haka idan jama'a sun ƙi shiga hoto gaba ɗaya, ka ja da baya ko ka sauya gilashi mai ƙaramar lambar milimita. Ka bar ƙofar haske ga aikinta na haske da zurfi.