Ulee Lheue: unguwar da teku ya cinye, mutanenta suka komo

Yau za mu kai ku wata ƙasa mai nisa can gabas, inda gari yake wayewa awa shida kafin ya waye mana. Sunanta Indunusiya, ƙasa ce ta dubban tsibirai. Ɗaya daga cikin manyan tsibiran nan shi ne Sumatara, kuma a ƙarshensa na arewa jahar Aceh take, da babban birninta Banda Aceh. Mutanen jahar musulmi ne tun shekaru aru-aru. Ana yi wa ƙasarsu kirari da zauren Makka, domin a zamanin da, daga nan alhazai suke shiga jirgin ruwa zuwa ƙasa mai tsarki.

A bakin teku, yamma da tsakiyar birnin, akwai wata unguwa da ake kira Ulee Lheue, cikin gundumar Meuraxa. Labarinta ne muke so ku ji.

Ƙofar birni ta wajen teku

Unguwar shimfiɗe take, ba tudu ko ɗaya, kaɗan ta ɗara ruwan teku tsawo. Masunta ne suka fi yawa cikinta, amma akwai ƴan kasuwa da ma'aikata. Tun da daɗewa ita ce ƙofar birni. Kusa da ita sojojin Holan suka sauka a 1873, farkon wani yaƙi da ya ɗauki shekara fiye da 30. A 1876 Turawan suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga tashar jiragen ruwanta zuwa cikin gari. Akwai kuma masallacin Baiturrahim, wanda asalinsa tun zamanin sarakunan Aceh ne, aka sāke gina shi da bulo bayan 1920.

Safiyar Lahadi

Ranar Lahadi 26 ga watan Disamba 2004, wajen ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta girgiza. Ƙarfin girgizar ya kai maki 9,1, tana cikin mafi tsanani da aka taɓa aunawa a duniya. Ƙasan teku ya tsage tsawon kilometir fiye da dubu, wani gefe ya ɗaga sama, ya tunkuɗo ruwan da ke bisansa. Wannan shi ake kira tsunami, kalma ce ta Japan.

Mutane suka fito waje suna duban bangon gidajensu. A wurare da dama na gaɓar Aceh teku ya ja da baya, ya bar kifi a fili, har wasu suka shiga tsinta. Ba su san wannan ita ce alamar mutuwa ba. Kafin rabin awa ruwa ya komo, baƙi ƙirin, tsawonsa wajen metir 10 a bakin unguwar. Wanda ya taɓa ganin korama ta sauko bayan ruwan sama, tana tafe da itace da dabbobi, to ya ƙiyasta irinta mai tsawon gidan sama, mai faɗin gari duka. Ruwan ya shiga birni kilometir 3 zuwa 4.

Akwai wani jirgin ruwa mai injin ba da wutar lantarki, nauyinsa ton 2.600, yana ɗaure a tashar unguwar. Ruwa ya ɗauke shi ya kai shi tsakiyar gidajen mutane a Punge Blang Cut, nisan fiye da kilometir 2. Har yau yana nan, an mai da shi wurin ziyara.

Da ruwa ya janye, ba a ga gidajen Ulee Lheue ba, sai daɓen siminti. Masallacin Baiturrahim kuwa yana tsaye tsakiyar kango. Mafi yawan mutanen gundumar Meuraxa sun rasu a wannan safiya. Birnin Banda Aceh ya rasa mutum fiye da dubu 60, jimillar ƙasashe 14 kuma wajen dubu 230. A filin tsohon asibitin Meuraxa aka binne gawa fiye da dubu 14 cikin kabari guda, ba suna, ba alama.

Komawa kango

Da farko hukuma ta yi shirin hana gini kusa da teku, a mai da jama'a cikin tudu. Shirin bai yiwu ba. Masunci ba ya zama nesa da jirginsa, kuma wanda ya rasa iyalinsa da dukiyarsa, filin gado kaɗai ya rage masa. Mutane suka koma suka kafa bukkoki bisa daɓen gidajensu. Inda takardun fili suka halaka, maƙwabtan da suka tsira suka zauna suka shaidi iyakar kowa.

A watan Afrilu 2005 gwamnati ta kafa wata hukuma ta musamman domin sāke gina jahar, ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto. Kafin a rufe ta a 2009, an gina gidaje wajen dubu 140 da taimakon ƙasashen duniya. Masifar ta kawo wani abu kuma: ranar 15 ga watan Agusta 2005, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, gwamnati da ƴan tawayen Aceh suka sa hannu bisa yarjejeniyar sulhu, bayan faɗan da aka soma tun 1976.

Tun da ba a iya raba mutane da teku ba, sai aka nemi hanyar tsirar da su. Da taimakon Japan aka gina gidajen gudun ruwa a Meuraxa, masu hawa huɗu. Ƙasansu a buɗe yake domin ruwa ya wuce, matakalarsu kuma da faɗi. Aka faɗaɗa hanyoyi, aka kafa jiniyoyin gargaɗi.

Ranar gwaji

Ranar 11 ga watan Afrilu 2012 wata girgiza mai maki 8,6 ta auku. Allah Ya kiyaye, babban ruwa bai zo ba, amma an ga abin da ya tayar da hankalin shugabanni. Kowa ya hau babur ko mota ya nufi cikin gari, hanyoyi suka cushe, ba gaba ba baya. Gidajen gudun ruwa kuwa kaɗan suka hau su, domin jama'a ba su amince da su ba. Da ruwa ya zo a ranar, da ya iske mutane jere bisa hanya.

Masu bincike sun gano wani abu bayan haka. Masu hali da yawa sun sayi gida ko sun kama haya nesa da teku, kuɗin gidajen can ya hau. Talakawa da baƙi masu neman haya mai sauƙi su ne suka cika gidajen gaɓa.

Abin da kakanni suka bari

Yamma da Sumatara akwai wani ƙaramin tsibiri, Simeulue, wanda ya fi Banda Aceh kusa da tushen girgizar 2004. Ruwa ya rushe ƙauyukansa, amma cikin mutum wajen dubu 78, bakwai kaɗai suka rasu. Dalili kuwa, a 1907 irin wannan ruwa ya hallaka kakanninsu, suka sa masa suna smong. Tun daga lokacin, uwa tana faɗa wa ɗanta cikin tatsuniya da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, kada ka tsaya ɗaukar komi, ka hau tudu. Ba su da jiniya, ba su da gidan sama. Magana ce suka riƙe shekara 97. Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Unguwar a yau

Wanda ya je Ulee Lheue yanzu zai iske jiragen ruwa suna kai fasinja tsibirin Weh, inda garin Sabang yake. Da maraice masu gasa masara suna jere bakin teku, matasa suna shan iska. Yawancinsu ba su ga ruwan 2004 ba. Saboda su ne ake koyar da gudun ruwa a makarantu, ake kai ɗalibai gidan tarihin tsunami da aka buɗe a 2009.

Kowace shekara kuma, ranar 26 ga watan Disamba, masuntan Aceh ba su shiga teku. Iyalai suna zuwa babban kabarin Meuraxa, su zauna bisa ciyawa su karanta Yasin. Ba wanda ya san ta wane gefe nasa yake kwance. Da yawa suna zuwa da ƴaƴansu da jikokinsu, domin yaran su ji da kunnensu abin da ya faru a wannan safiya, su kuma san hanyar da za su bi in ƙasa ta sāke girgiza.