Rassa Shida: Yadda Littattafai Ke Koya Wa Yara Sirrin Dusar Ƙanƙara

A makarantun firamare na arewacin Amurka da Kanada, da zarar hunturu ya kama, malamai kan raba wa yara farar takarda da almakashi, a yanka siffar dusar ƙanƙara a manna a tagogi. Sau da yawa siffar kan fito da rassa huɗu ko takwas, domin ninka takarda gida biyu-biyu ya fi wa hannun yaro sauƙi. Alhali ƙwayar da ke saukowa daga gajimare rassa shida gare ta. A ganina, duk littafin da ya sa yaro ya tambayi dalilin wannan shidan ya biya kuɗinsa.

Tukuna, a raba dusar da ƙanƙarar da muka sani, wadda kan faɗo da ruwan damina har ta yayyaga ganyen masara. Waccan ɗigon ruwa ne da ya daskare, ya yi ta ƙara kauri a cikin hadari. Ita kuwa dusar ƙanƙara, tururin ruwa ne da ke cikin iska yake juyewa ƙanƙara kai tsaye, a hankali, ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Littafin da ya fi yin suna a wannan fage shi ne Snowflake Bentley na Jacqueline Briggs Martin, wanda ya fito a 1998, zane-zanen Mary Azarian da ke cikinsa kuma suka ci lambar yabo ta Caldecott a 1999. Labarin wani manomi ne, Wilson Bentley, da aka haifa a 1865 a ƙauyen Jericho na jihar Vermont. Yana matashi mahaifiyarsa ta ba shi madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya yi ta ƙoƙarin zana ƙwayoyin da hannu, amma kafin ya kai rabi sun narke. Daga baya ya haɗa madubin da kyamara, a Janairun 1885 ya samu hoton farko.

Yadda yake aikin ne ke kama hankalin yara. Yakan fita da baƙin faranti ya tari dusar, ya shiga rumfar da babu wuta a cikinta, ya ɗauki ƙwaya guda da tsinken tsintsiya, ya kwantar da ita a kan gilashi da gashin tsuntsu, duk yana riƙe numfashi kada ɗumin bakinsa ya narkar da ita. Haka ya yi ta yi har ya tara hotuna sama da 5,000. Littafinsa, Snow Crystals, ya fito a 1931, a ƙarshen shekarar kuma ciwon huhu ya yi ajalinsa. Marubuciyar Snowflake Bentley ta yi dabara: labarin na tafiya a tsakiyar shafi, bayanan tarihi da na kimiyya suna gefe da ƙananan haruffa. Ɗan shekara biyar ya saurari labari, ɗan shekara tara ya leƙa gefe.

Sai dai labarin Bentley bai amsa tambayar shida ba. Wannan sai a koma ga irin The Story of Snow na Mark Cassino da Jon Nelson, na 2009, ko littattafan Kenneth Libbrecht, masanin fiziya a jami'ar Caltech, wanda yake shuka ƙwayoyin a ɗakin gwaji. Bayanin ba shi da wuya idan an bi shi daki-daki. Kowace ƙwaya tana farawa ne da ɗan ƙurar da tururi zai manne wa. A nan har muna da hannu: ƙurar Sahara, 'yar'uwar wadda ke rufe mana sararin sama da hunturu, iska kan kwashe ta har Turai, wani lokaci ta rina dusar tsaunukan Alps ta koma ja-ja, tana kuma cikin ƙurar da ƙanƙara ke fara daskarewa a kanta a gajimare. Idan ruwa ya daskare, ƙananan ƙwayoyinsa kan jeru cikin zobba masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Kusurwoyin sun fi miƙewa cikin iska, sun fi samun tururi, don haka su ke saurin girma su zama rassa. Masanin taurari Johannes Kepler ya yi tambayar shidan tun 1611 a wata 'yar maƙala, amma amsar ta jira har aka gano yadda ƙwayoyin ruwa ke jeruwa.

Abin da ya fi burge ni, littattafan yara kuma ba su cika daɗewa a kansa ba, shi ne aikin Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan. A 1936 ya yi nasarar samar da ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji, a kan silin gashin zomo. Ya nuna cewa sanyi da laimar iska su ke yanke siffa. Wajen digiri 2 ƙasa da sifili, faifai ake samu. Wajen digiri 5 ƙasa da sifili, sai sanduna da allurai. Wajen digiri 15 ƙasa da sifili, manyan taurari masu rassa, musamman idan laima ta yi yawa. Ƙwayar na yawo sama da ƙasa a gajimare, tana ratsa sanyi iri-iri, rassan shida kuma tare suke shan kowane sauyi, shi ya sa suke kama da juna. Maƙwabciyarta ta bi wata hanyar daban, sai ta fito da wata kama daban. Yaron da ya gane wannan zai iya duban ƙwaya a hannun rigarsa ya faɗi irin yanayin da ta ratso.

Inda nake da ja shi ne yawan ƙawata abin. Bentley yakan zaɓi mafi kyawu ne kawai, yakan kuma kankare gefen hoton don bayan ya fito baƙi ƙirin, abin da ya sa masanin yanayi na Jamus, Gustav Hellmann, ya soke shi tun yana raye. Mafi yawan abin da ke saukowa karyayyu ne, ko masu rassan da ba su daidaita ba, ko cunkushe da juna. Yaron da aka cika wa ido da hotuna marasa aibi, in ya fita da baƙin ƙyalle da madubin hannu ya tarar da gutsattsari, zai ɗauka shi ne bai iya ba. Gara a gaya masa tun a shafi na farko cewa kyakkyawar sai an tona.

Haka ma maganar da kowane littafi ke maimaitawa, wai ba a taɓa samun ƙwaya biyu iri ɗaya ba. Ga manyan taurari masu rassa, kusan haka ne. Ga ƙanana masu sauƙin siffa kuwa, da sauran magana: a 1988 wata mai binciken gajimare a Amurka, Nancy Knight, ta samu guda biyu da ido bai iya bambanta su a ƙarƙashin madubi, Libbrecht kuma yana shuka irin waɗannan tagwaye a ɗakin gwajinsa ta hanyar ba su sanyi da laima iri ɗaya.