Gyaran Famfo Mai Ɗiga

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 a kwana, watau wajen garwa guda ta ruwa. Inda ruwan ya kwanta kuwa, nan sauro ke hayayyafa.

Galibi laifin wata 'yar roba ce da ke cikin famfo, wadda ke toshe ruwa in an rufe. In ta cinye, mai gida da kansa yana iya sake ta.

Da fari a rufe ruwa daga babban bututun da ya shigo gida, a buɗe famfon ya tsiyaye. Sa'an nan a sa sifana a kwance kansa, a riƙe jikinsa sosai don kada bututu ya murɗe. Robar tana can ƙarƙashin kan. A cire ta, a sa sabuwa daidai girmanta, yawanci rabin inci. A mayar, a ɗaure, a saki ruwa. In bai daina ba, mazaunin robar ne ya lalace, sai a kira mai gyara.

Ana roƙon hakimai da malamansu su gargaɗi jama'a su daina matse famfo da ƙarfi, gama shi ke kashe robar.